Shekara Huɗu Ban Tambayi Oga Yadda Aikina Yake Ba

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya.

Shekarata huɗu ke nan ina aiki a wani ofis, ni ce mai haɗa rahoton kuɗaɗen da sashenmu ya kashe a kowane wata. A shekarata ta farko na yi kuskure, na saka lissafin watan da ya gabata a gurbin na sabon wata. Ogan da muke da shi a lokacin ya ɗaga takardar a wurin mitin, gaban mutum goma sha biyu, ya ce, "Wa ya yi wannan shirmen? Ɗan firamare ma ba zai yi haka ba." Tun daga ranar ban sake tambayar kowa yadda aikina yake ba. Ina gamawa in miƙa in koma kujerata.

Shekara biyu da suka wuce aka canza mana oga. Wannan ba ya faɗa, ba ya yabo. In na kai masa aiki iyakacinsa ya ce, "To, ajiye." Wata takwas da suka wuce kuma aka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya. Ita kam ba ta gajiya da shiga ofishinsa da takarda a hannu tana cewa, "Yallaɓai, ina zan gyara?" Makon jiya aka damƙa mata shirya kasafin kuɗin sashenmu na baɗi, aikin da na daɗe ina sa ran ni za a ba.

Saura mako shida a cike mana fom ɗin tantance ma'aikata na ƙarshen shekara, har barci ya soma ƙaurace wa idona. Anti, abin da yarinyar nan take yi ba fadanci ba ne? Ni ma in je in tambaye shi? Bayan shekara huɗu ba zai ce ashe ban san aikina ba? Zuciyata tana ce min tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, gara in bar kaza cikin gashinta.

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kafin komai bari in tsaya a kan mitin ɗin nan, domin daga can ciwon ya taso. Abin da tsohon oganki ya yi miki tozarci ne, kada ki kira shi gyara. Mai son gyara gefe zai kira ki, ya nuna miki layin da lissafin ya goce, ki koma ki daidaita shi cikin minti biyar. Shi kuwa sai ya ɗauki kuskuren takarda ya mayar da shi hukunci a kanki ke kanki, a gaban mutanen da za ki ci gaba da haɗa ido da su kowace safiya. Duk wanda aka yi wa haka zai ja baya, kuma ban ga laifinki ba da kika ja. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Abin da yake ci min rai shi ne mutumin nan ya bar wurin shekara biyu ke nan, amma har yau shi yake yanke miki abin da za ki tambaya da abin da za ki haɗiye.

Karin maganar tsuntsun da kika kawo ina so mu juya ta mu duba bayanta. Abin da take nufi a nan shi ne tambayarki ce za ta haifar da mummunan ra'ayi a zuciyar oga. To ai hadari ya riga ya haɗu, ko kin kira ruwan ko ba ki kira ba. Rahoto ashirin da huɗu kika ajiye a teburin mutumin nan cikin shekara biyu. Ya karanta su, ko aƙalla ya buɗe wasu, kuma yana da abin da ya ƙudurta a kansu, mai daɗi ne ko marar daɗi. Wannan ra'ayin ne ya yi aiki ranar da ya zauna yana tunanin wa zai ba kasafin kuɗi, shi ne kuma zai riƙe masa biro nan da mako shida. Shirunki bai goge ko harafi ɗaya daga ciki ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya mayar da ke ta ƙarshen ji, a kan maganar da ta shafe ki fiye da kowa.

In kin lura ma, ai ba ki taɓa daina neman sanin ra'ayinsa ba. Na tabbata kin san yadda yake karɓar fayil ranar da yake cikin fara'a da ranar da ba ya ciki. Kin san ko ya ɗago kai da ya ce "ajiye" ko idonsa na kan kwamfuta. In ya amsa gaisuwarki a gajarce sai ki wuni kina bin rahoton jiya a ranki layi bayan layi. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Susan Ashford da Larry Cummings, sun fayyace wannan tun 1983. Suka ce ma'aikaci yana neman sanin matsayinsa ta hanya biyu: ko ya buɗe baki ya tambaya, ko ya zuba ido yana karanta alamu. Hanya ta biyu ta fi arha a fuska, tunda babu wanda ya san kana yi, babu wanda zai ce ka gaza. Tsadarta a ɓoye take. Alamu ba sa zuwa da fassara, kai ne za ka yi musu, kuma mai tsoro duk abin da ya gani sharri yake fassara shi. Wataƙila ranar da oga ya ɗaure fuska ɗansa ne ya kwana da zazzaɓi. Ke kuma kin biya kuɗin wannan da barcinki.

Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da gano cewa abu uku ne suke jan igiya a zuciyar ma'aikaci lokacin da yake tsaye a bakin ƙofar oga. Yana son sanin gaskiya don aikinsa ya inganta. Yana gudun jin abin da zai sosa masa rai. Yana kuma tsoron yadda za a dube shi in aka ga yana tambaya. Wasiƙarki tana ɗauke da duka ukun, kuma biyun ƙarshe sun danne na farko. Wannan hali bai tsaya ga ma'aikata ba. Wani nazari da aka buga a 2009 a kan masu zuba jari a kasuwar hannun jari ya nuna sun fi yawan leƙa asusunsu idan kasuwa tana tashi, in ta faɗi kuwa sai su rage dubawa, duk da cewa rashin dubawar ba ya dawo musu da ko sisi. Mutum ya fi son ya zauna cikin "wataƙila" da ya ji "tabbas" mai ɗaci. Na faɗa miki wannan ne don ki daina ɗaukar kanki a matsayin wata mai rauni ta daban.

Yanzu maganar shekara huɗu, wadda ina ganin ita ce ƙayar da ta fi shiga. Sabuwar abokiyar aikinki tana da wani lasisi da ke kike ganin naki ya ƙare: ita baƙuwa ce, kowa ya yarda baƙo ya yi tambaya. A 2015 Frederik Anseel da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan wannan batu cikin kimanin shekara talatin, kuma daga cikin abin da ya fito fili akwai cewa gwargwadon daɗewar mutum a wurin aiki, gwargwadon raguwar tambayarsa. Ba wai don ya gama sanin komai ba. Kunya ce take ƙaruwa, yana ganin an wuce da shi wurin, ya kamata a ce shi ake tambaya. Abin takaicin shi ne tsohon ma'aikaci ya fi buƙatar a nuna masa, domin abin da ka maimaita sau arba'in idonka ya daina ganinsa. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa komai daɗewar da ya yi da ita. Kuma oga ya canza. Tsarin rahoton da kike bi, na wa kika koya? In na wancan ne, to shekara biyu ke nan kina ɗinka riga da awon mutumin da ya tafi.

Bari in zauna a kujerar ogan naki na ɗan lokaci, domin shi ma yana da nasa tsoron. Isar da labari marar daɗi abu ne mai nauyi a bakin yawancin mutane. Tun 1970 wasu masana halayyar ɗan Adam, Sidney Rosen da Abraham Tesser, suka nuna da gwaji cewa mutane suna saurin kai labari mai daɗi, amma suna jan ƙafa ko su yi shiru in marar daɗi ne. Shugabanni ba su tsira daga wannan ba. Da yawansu suna ganin kuskure a takarda, su gyara da kansu da daddare, ko su ture shi gefe su ce sai ƙarshen shekara, don kawai kada su ga fuskar ma'aikaci ta canza. Wannan "To, ajiye" ɗin zai iya zama na wanda ya gamsu, zai iya zama na wanda yake da magana amma bai ga ƙofar shigar da ita ba. Ke kuwa, da kike miƙawa ki juya, kin nuna masa ƙofar a rufe take.

Ita yarinyar, duk lokacin da ta ce "ina zan gyara?" tana sauke masa wannan nauyin. Cikin wata takwas ya ga yadda take tunani, ya san inda take da rauni, ya kuma ga abin da take yi in an nuna mata. Kasafin kuɗi aiki ne da ake rubutawa a soke a sake, sau uku sau huɗu kafin ya tsaya. Wanda zai ba da irin wannan aikin yana tambayar kansa wa zai iya ce wa "wannan bai yi ba, sake" a tsakiyar hanya ba tare da an yi kwana uku ana gaba ba. Game da ita yana da amsa. Game da ke ba shi da ita, ko da kuwa kin fi ta iya lissafi nesa ba kusa ba. Ba na cewa tabbas wannan ne dalilinsa, ban ga zuciyarsa ba. Amma ki saka shi a ma'auni kafin ki yanke cewa son kai aka yi.

Fadanci ne ko ba fadanci ba? Akwai masu yin tambaya don fadanci, wannan gaskiya ne, kuma ana gane su. Su ne masu kai aikin da suka san ya yi kyau su ce, "Yallaɓai, ai ya fito ko?" Yabo suke nema, sun naɗe shi a rigar tambaya. Ashford ɗin nan da wata abokiyar aikinta, Anne Tsui, sun yi nazari a 1991 a kan manajoji 387, suka tambayi na sama da su da na ƙasa da su da tsararrakinsu yadda suke ganin su. Manajojin da suke neman a faɗa musu inda suka gaza, mutane sun fi ɗaukar su a matsayin waɗanda suka iya aiki. Masu neman a yabe su kuwa darajarsu raguwa ta yi a idon jama'a. Ki dubi wannan da kyau, domin ya kifar da abin da kike tsoro. Kina gudun a ce ba ki iya ba in kin nemi gyara, alhali neman gyaran ne mutane suke karantawa a matsayin alamar wanda ya yarda da kansa. Game da abokiyar aikinki, ma'aunin mai sauƙi ne. Kalmomin da kika ce tana faɗa na neman gyara ne. Saura ki duba ko aikinta yana canzawa bayan ta fito daga ofishin. In yana canzawa, koyo take yi, kuma kada ki bari zafin rashin kasafin ya sa ki ɗora mata sunan da ba nata ba.

Sai dai ba zan yaudare ki in ce duk tsokacin da aka yi wa ma'aikaci alheri ne ba. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamako 607 daga gwaje-gwajen da aka yi na faɗa wa mutane yadda aikinsu yake. A dunƙule abin yana taimakawa, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku aikin lalacewa ya ƙara yi bayan an yi maganar. Bayanin da suka bayar ya yi daidai da labarinki: in magana ta kai hankalin mutum kan aikin da ke gabansa, yakan gyara, in kuwa ta karkata hankalinsa kan shi kansa, ko shi mai hazaƙa ne ko daƙiƙi, sai ƙarfinsa ya ƙare wajen kare kai. "Layi na bakwai lissafin watan jiya ne" magana ce a kan aiki. "Ɗan firamare ma ba zai yi haka ba" magana ce a kan mutum. Ta biyun aka ba ki, shi ya sa yau in kika yi tunanin tambaya, abin da kunnenki yake ji shi ne "Yallaɓai, ni mai amfani ce ko marar amfani?" Babu mai hankalin da zai so miƙa wuyansa ga irin wannan tambayar. Ba ita nake so ki yi ba.

Na taɓa zama a inda kike zaune. A farkon fara aikina akwai wata shugaba da nake kai wa rubutu, mace mai ƙarancin magana. Wata tara ina lallaɓawa in ajiye mata takarda lokacin da na san ta fita. Ranar da aka zo sabunta kwantiragi ta zaunar da ni ta ce ta yi shakkar sa hannu, domin kullum sai ta kai shafi na uku kafin ta gano abin da nake son faɗa. Ta jawo ɗaya daga cikin takardun, ta zagaye sakin layi na ƙarshe da jan biro, ta ja kibiya zuwa saman shafin farko. Shi ke nan matsalar. Abin da za a gyara a mako ɗaya na ɗauka a kai wata tara, ina zaton wani babban aibi ne a tare da ni, ita kuma tana zaton na san matsalar ban damu ba. Har yau in na tuna nakan ji zafin watannin nan da suka tafi a banza, kuma saboda su ne na kasa wuce wasiƙarki.

Don haka ki je, amma ki je da shiri. Kada ki jira ranar fom, ranar nan hukunci ake rubutawa, lokacin gyara ya wuce. Mako shida sun isa ki kai rahoto ɗaya sabo, wataƙila biyu, wanda zai gani da idonsa kafin ya ɗauki biro. Kada kuma ki tare shi a hanya ko a gaban mutane. An gwada an gani, mutane sun fi gudun tambaya in akwai masu kallo. A ganina kuma mai amsawa ma ya fi sakin jiki in daga shi sai mai tambaya. Ki nemi minti goma a lokacin da ba shi da mitin a gabansa, ki faɗa masa dalili tun da wuri don kada ki same shi babu shiri: "Yallaɓai, ina so in inganta rahoton wata, in ka samu sarari ina son minti goma ka duba min na watan jiya."

Ki shiga da rahoton a hannu da biro. Kasancewar takarda a tsakaninku tana da amfani fiye da yadda kike zato, domin idanunku biyu za su sauka a kanta maimakon a kan juna. Kada ki ce "Yaya kake ganin aikina?" Wannan tambayar faɗinta ya yi yawa, amsarta kuma "ba laifi" ce, ki fito kamar yadda kika shiga. Ki ƙuntata ta yadda ba zai iya zillewa ba. "In abu ɗaya za ka canza a rahoton nan, mene ne?" Ko kuma, "Wane shafi kake fara buɗewa, wanne ne ba ka amfani da shi?" Ko, "In ka kai shi sama, wace tambaya ake yi maka da rahoton bai amsa ba?" Ta ƙarshen nan na fi so, domin tana tuna masa cewa aikinki kariya ne a gare shi shi ma.

Kina gama tambaya ki yi shiru. Nan ne wurin da ya fi wuya. Zai ɗan yi jim, zuciyarki za ta buga, bakinki zai so ya cike gurbin da "ko da yake na san ba laifi." Ki danne. Mutumin da ya shekara biyu bai ce komai ba yana buƙatar daƙiƙa goma ya nemo kalma. In ya fara magana ki rubuta. Rubutun yana nuna masa maganarsa ta samu wurin zama, ke kuma yana ba hannunki da idonki abin yi lokacin da fuskarki take zafi. In ya faɗi abu a dunƙule, kamar "ki ƙara kula," ki ce, "Ko za ka nuna min misali a nan?" Kada ki kare kanki a wannan zaman, ko da kina da hujja a bakin harshe. Da zarar kin ce "ai dalilin shi ne," zai gane ƙofar ta sake rufewa, kuma abu na biyu da yake shirin faɗa, wanda sau da yawa shi ne mai muhimmancin, zai koma ciki. In kin ji hawaye na tahowa, babu abin kunya, ki ce, "Na gode Yallaɓai, bari in je in duba in dawo," ki fita. Sauraro ba ya nufin kin amince da komai. Ki kwana da maganar, ki ware abin da yake daidai, in akwai wanda kike ganin bai fahimta ba ki koma masa da shi bayan kwana biyu cikin natsuwa.

Maganar kasafin kuɗi ma ki taɓo ta, amma ta gaba za ki duba. "Me ya sa aka ba ta ba a ba ni ba?" zai sa ya tsaya kare zaɓinsa, sunanta kuma ya shigo zancen da babu ruwanta. Ki ce, "Ina sha'awar irin aikin kasafin nan. Me kake so ka gani daga gare ni da zai sa ka iya damƙa min irinsa nan gaba?" Ina da tambaya ɗaya a gare ki a nan, ki amsa wa kanki da gaskiya: kin taɓa faɗa masa kina son aikin? Kin rubuta cewa kin daɗe kina sa rai, ba ki ce kin nema ba. Yana yiwuwa ƙwarai mutumin nan yana ganin ki a matsayin wadda ta gamsu da kujerarta, ba ta son a ƙara mata kaya. In haka ne, wannan jimla ɗaya za ta fi duk sauran zaman amfani.

Abin da zai biyo baya ya fi zaman kansa nauyi. Nazarin Anseel ɗin da na ambata ya nuna alaƙar da ke tsakanin yawan tambaya da ingancin aiki ƙarama ce, kuma ban yi mamaki ba, domin da yawa suna tambaya su ji su watsar. Ki ɗauki abu ɗayan da ya faɗa ki aiwatar da shi a rahoton wata mai zuwa, in kin kai masa ki ce, "Na sauya jadawalin nan kamar yadda ka ce, ka duba ko haka kake nufi." Da wannan ne zai samu amsar tambayar da ba shi da ita a kanki. Kada kuma ki tsaya ga oga kaɗai. Akwai wanda yake karɓar alƙalumanki ya yi aiki da su a wani sashe, shi ya fi kowa sanin inda suke ba shi wahala, kuma tambayarsa ba ta da nauyin tambayar shugaba. In kina so ki fara motsa jiki da shi kafin ki shiga wurin oga, ki yi.

To in kuma kin je ya fito da halin wancan fa? Yana iya faruwa, ba zan ɗauke miki wannan da baki ba, ko da yake mutumin da ya shekara biyu bai ci mutuncin kowa ba, wanda kuma wata take shiga ofishinsa kullum tana fitowa lafiya, alamunsa ba na azzalumi ba ne. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi wani nazari a sassan jinya na asibitoci a Amurka, aka buga shi a 1996. Ta zaci sassan da suke da shugabanci mai kyau za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai ta tarar a can aka fi samun rahoton kuskure. Da ta bi diddigi ta gane ba don sun fi yin kuskuren ba ne, sun fi samun sakewar faɗa ne, yayin da a sassan da ake tsoron shugaba kowa yake binne nasa. Duk shugaban da yake karanta wannan, ina roƙonsa ya tsaya a nan: in ma'aikatanka ba sa zuwa da tambaya, kada ka ɗauka komai lafiya, ka tuna yadda ka karɓi na ƙarshen da ya zo. Ke kuma ƙanwata, in aka amsa tambayar mutunci da wulaƙanci, laifin ya tashi daga kanki ya koma kan wurin. Sai ki nemi gyaranki daga abokan aiki da kika amince da su, ki riƙa ajiye shaidar ayyukanki a rubuce, ki fara duba ko akwai wani sashe ko wani wurin da ya fi.

Saura ita abokiyar aikin naki. Wata takwas take da su a wurin, an ɗora mata kasafin shekara guda, ke kuma alƙaluman shekara huɗu suna kanki: kin san watan da kuɗin gyaran kayan aiki yake tashi, kin san layin da kullum ake ƙiyasta shi ƙasa da gaskiya. Tana buƙatarki, kuma ina zaton ta sani, wataƙila fuskarki ce ta hana ta zuwa. Ki same ta ki ce in tana son tsofaffin alƙaluma kina da su. Za ki ga kasafin daga ciki ko da sunanki ba ya kan bangonsa, kuma in hira ta yi daɗi ki tambaye ta me oga yake yawan gyara mata. Wata takwas ta yi tana tattara abin da mutumin nan yake so.

Ki fitar da rahoton watan jiya yau, ki karanta shi kamar ba ke kika rubuta ba, ki rubuta tambayarki guda ɗaya a bayan shafin ƙarshe don kada ta gudu in kin zauna a gabansa. Ranar Litinin ki nemi minti goman. In kin fito ki rubuto min abin da ya ce, ko mai daɗi ko marar daɗi, mu duba shi tare.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Antinki